Geron da Inna Take Bari Cikin Dusa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne mahaifiyata, Inna Rahila, a Damagaram, amma duk ranar da aka yi rabon hatsi a majami'armu sai raina ya ɓaci a madadinta. A jera mata mabuƙata cikin rana, a ɗora wa kowacce buhu a ka, a ce ta ɗago fuska a ɗauki hoto, lasifika na ta shelar cewa Ubangiji ya sauko. Ya sauko ya ga ana tona asirin bayinsa? Da Inna na nan, da ta tashi ta bar wurin.

A shekarun fari da yunwa mu kaɗai ne Kirista a layinmu, kuma albashin babanmu yana sayo mana gero. Matan ƙauye da yunwa ta koro gari ba sa iya buɗe baki su roƙi abinci. Sai su yi sallama, su ce a taimaka musu da dusar akuya. Kowa ya san awaki sun ƙare, 'ya'yansu suke dafa wa.

Inna ta gane. In ta yi surfe, sai ta yi bakacen ganganci, ta bar gero ya bi dusa. Takan ce, "Yesu ba ya jiran Lahadi. Da ƙwarya yake zuwa ƙofar gida, kuma yana da kunya."

Ni kuwa na gama lakwal, wato makarantar boko, ina ji da kaina, na ɗauka tsufa ne ya kashe mata hannu. Ran nan ta tafi gaisuwar rasuwa, na sake bakace dusar tas, na tsince geron. Hajara ta zo, wata 'yar ƙauyen Zermu mai 'ya'ya uku da ta saba zuwa. Na juye mata. Ta leƙa ƙwaryar, ta dube ni.

Na ce, "Ba akuya ce za ta ci ba? Ko ku ne?"

Ta ce, "Akuya ce, 'yata. Allah ya saka."

Da Inna ta dawo, har da rawar jiki na nuna mata geron da na ceto. Ban taɓa ganin idonta ya yi ja haka ba. Ta ce, "Ubangiji ya shigo gidana, kin tsiraita shi." Kwana uku tana yawo cikin bukkokin bayan gari da gero tiya biyu a ƙulle, tana tambayar Hajara. Aka ce sun yi kudu.

Saboda haka masu hoto su yi haƙuri da tsamin bakina, na riga su yin wannan ta'asar, na san nauyinta. Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba. Ta dai koya mini cewa Allah yana kusa, kusa har mutum ya iya kunyata shi a zaurensa. Ni na gafarta wa kaina abubuwa da yawa, amma har yau ban san ko 'ya'yan Hajara sun ga damina ba.