Ranar da Ruwa Ya Zagaye Inna

Shekara goma sha uku da aurenmu, mahaifiyata Inna ba ta taɓa yi wa maigidana magana baki da baki ba. Ba faɗa suka yi ba. Kunyar surukai ce irin ta mutanen da, wadda ta ɗauko tun daga Chadi ta shigo da ita ɗakunanmu biyu a unguwar Ƙurban ta Madina. In ya dawo daga aiki sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. Ba ta cin abinci a gabansa. Duk saƙon da zai wuce tsakaninsu ta bakina yake bi. Na sha yi mata tsiya cewa a Madina fa muke, zamani ya wuce wannan, sai ta harare ni ta ce ita ba zamani ne ya haife ta ba.

Da aka yi hutun makaranta, maigida, wanda ke dakon dabino da mota daga gonakin Al-Awali, ya ce zai kai mu mu ga teku. Muka fita bayan asuba, ni da shi da Inna da 'yan matanmu biyu, muka bi hanyar Yanbu. Da hantsi wani mai kwale-kwale ya tsallaka da mu zuwa wani ɗan tsibiri. Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba: yashi fari tas, duwatsu sun tare igiyar ruwa daga baya, ruwan kuwa a kwance har kana ganin yatsun ƙafarka. Daga gefe guda wani siririn yashi ya miƙe cikin teku, ya ƙare da ɗan tudu.

Kafin mai kwale-kwale ya juya, ya yi wa maigida magana yana nuna wannan siririn yashin, ya ce sai la'asar zai dawo. Maigida ya zo ya same ni ina shimfiɗa tabarma.

"Ya ce bayan azahar ruwa yana rufe waccan hanyar, kuma yana ja. Ki gaya wa Inna da yara."

Na gaya wa yara. Inna tana can tana alwala, na ce in ta dawo zan gaya mata. Sai ƙaramar ta taka ƙaya, sai tukunyar shinkafa ta nemi kifewa, maganar ta fice mini daga kai.

Bayan mun yi azahar na zuba abinci. Tsibirin ba shi da ɗaki, ba shi da labule, sai Inna ta ɗauki kwanonta ta bi siririn yashin nan tana ɗingishi da gwiwarta mai ciwo, don ta ci inda surukinta ba zai gan ta ba. Ni ina bayan duwatsu ina sauya wa yara kaya. Shi kuwa ya ga ta tashi da kwano, amma bai ga inda ta nufa ba, don da gangan ya juya baya ya zauna yana kallon wani gefen, don ta ci a sake.

Babbar ce ta fara tambaya da Larabcinta: "Yumma, fen sitti?" Kakarta take nema.

Na ɗaga kai. Hanyar babu ita. Inda muka ga yashi da safe ruwa ne yake gudu, launinsa ya yi duhu, iska ta taso. Inna tana tsaye a kan abin da ya rage na tudun, wanda bai fi tabarmar salla ba, kwano a ka, ruwa yana lasar idon sawunta. Ba ta iya ruwa ba, ni ma haka. Wayoyinmu babu layi, la'asar kuma da saura.

Maigida ya tuɓe takalmi ya shiga. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, a tsakiya har ƙirji, ina ganin yadda yake jan sa gefe yana turjewa. Ya isa. Sai ga mutumin nan, a tsakiyar teku, ya juyo yana ƙwala mini magana:

"Ki ce wa Inna ta hau bayana."

Na faɗa da iyakar ƙarfina. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta girgiza kai. Ruwa ya kai mata ƙwauri.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na kutsa cikin ruwa, abayata ta jiƙe ta yi nauyi kamar buhun gishiri, tana ɗaure mini ƙafafu. Yara suna kuka a bayana. Na ce, "Inna, don girman Allah. Kunya za ta kashe ki a gaban jikokinki?" Na faɗi wasu maganganun ma da ba a faɗa wa uwa. Ko motsi ba ta yi ba.

Sai maigida ya juya mata baya ya durƙusa a gangaren tudun, kamar yadda yake durƙusawa a bakin ƙofarta. Ruwan ya kai masa wuya. Igiya ta zo ta rufe masa baki, ya tofar, bai tashi ba. Wata ta sake zuwa, ya yi tari, bai tashi ba. Na gane ba zai miƙe ba sai da ita, Inna ma ta gane. Na ga kwanon ya sauka daga kanta, ruwa ya tafi da shi. Ta dafa kafaɗunsa.

Tsallakowar ta ɗauki lokacin da ban iya ƙiyastawa ba. Sau biyu ƙafarsa ta zame. Da ya sauke ta a kan busasshen yashi, ya wuce can nesa ya zauna yana amayar da ruwan gishiri.

Na lulluɓe ta da tabarmar salla, jikinta yana rawa. Na ce mata an ba ni saƙo tun safe, ni ce na manta. Ba ta yi mini faɗa ba.

"Na kira ki sau uku, iska ta kwashe," in ji ta. "Shi ga shi nan kusa, ina ganin ƙeyarsa. Na buɗe baki in kira shi, bakin ya ƙi."

A hanyar komawa Madina babu mai magana, sai tarin maigida. Rana tana shirin faɗuwa muka zo daidai wani wurin shan shayi a bakin titi. Daga kujerar baya na ji muryar Inna, a dishe. Na juya don in karɓi saƙo kamar kullum, sai na ga ba ni take kallo ba.

"Ɗana, tsaya ka sha abu mai zafi. Ka haɗiyi ruwa da yawa."

Ya rage gudu ya gangara gefen titi. Yana riƙe da sitiyari ya ce, "To, Inna."