Alhaji Saani da Ginin da Ya Hana Mu Rushewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 11 ga Oktoba, 2017, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Alhaji Saani Mumuni a gidansa da ke Morris Heights, bayan doguwar jinya. Ɗan zangon Kumasi ne, mai zanen gini a can gida, direban tasi a nan New York, kuma yana cikin dattawan da suka kafa jama'armu ta Bronx.

Alhaji, kowa ya shaide ka da sakin hannu. Baƙon da ya sauka ba shi da kowa, a falonka yake kwana har ya sami abin yi. Ni kaina kai ka koya mini hanyoyin garin nan, ina gefenka a mota, kana nuna mini gine-gine kamar mai nuna danginsa.

Ginin da ka fi ƙauna shi ne ɗan cocin nan na kan tudu, wanda aka gina a shekarun 1960 domin Kiristoci na kowace ɗariƙa su yi ibada tare. Zallar siminti ne, ba fenti, ba ado, ba hasumiya. Bangonsa ya lanƙwasa kamar ƙwarya, haske na saukowa ta wata doguwar tsaga a rufi. Mu rumbu muke ce masa. Kai kuwa ka ce wanda ya zana shi gwani ne, ya bar haske ya yi aikin ado. A can kuka yi Juma'a a shekarun farko, lokacin da ba mai ba Musulmin zango ɗaki. Masu wurin da kansu suke kwashe muku kujeru.

A 2014 masu ibadar suka ragu, aka sa ginin a kasuwa. Kwamitin masallacinmu ya yanke a saya, a rushe, a ta da bene mai hasumiya. Buƙatar ta gaskiya ce, don har yau a ƙarƙashin kanti muke salla, yara kan matakala. Amma ranar da hukumar adana gine-ginen tarihi ta zauna, sai ga ka cikin farar jallabiya, ka miƙe ka roƙi a kare cocin. Ka ce, "Gidan da ya sauke ka, ba kai za ka mayar da shi kufai ba." Aka sa ginin cikin waɗanda doka ta hana taɓawa, cinikinmu ya wargaje.

Abin da ya biyo baya ba ya daɗin faɗa. Aka cire ka daga kwamiti. Aka ce Nasara sun saye ka. Ka miƙa hannu bayan salla, a kau da kai. Ba ka rama ba, ba ka sauya masallaci ba, sahun baya kawai ka koma. Da ciwon ƙoda ya kwantar da kai, kowa cikinmu ya zaci wani ne ke zuwa dubiya.

Sai ranar sadakar uku muka cika gidanka da manyan riguna. Muka tarar da wani dattijo, Mista Kwabena Ofori, mai kula da cocin, yana raba ruwa kamar ɗan gida. Uwargidanka Hajiya Hamdatu ta ce mana, "Shi ke kai Alhaji wankin ƙoda. In lokacin salla ya yi, shi ke tuna masa, ya juya masa kujera alƙibla."

Limaminmu ya ce, "Hajiya, me ya hana a sanar da mu?"

Ta ce, "Malam, ai kowace Juma'a kuna ganin wurinsa ba kowa."



Allah ya jiƙanka, Alhaji, ya haskaka makwancinka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Hajiya Hamdatu, 'ya'yansa Sadick da Iyatu, da dangi na Kumasi, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuwa, Allah ya sa ya yafe mana kafin cikawarsa, domin ba mu je mun roƙe shi ba.