Gonar Da Na Hana Kawuna Shukawa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ka sakaya sunana, don abin da zan faɗa har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A lokacin ni ƙaramar malama ce a jami'a, fannin noma, ban daɗe da gama digiri na uku ba, kai cike da bincike, aljihu kuwa fayau. Sai wata ƙungiya ta buga talla a jarida tana neman wanda za ta ba kwangilar gwada sabon irin gyaɗa a Ƙaraye da Rogo. Duk mai so ya kai takardunsa a rufe, ranar buɗewa a zaɓi wanda ya fi cancanta. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don mahaifiyata 'yar Beli ce ta ƙasar Rogo, ƙasar nan na san ta kamar yunwar cikina.

Cikin sharuɗɗan akwai cewa sai mai nema ya nuna yana da gonar gwaji a hannu. Na tafi Beli wurin kawuna, yayan mahaifiyata, dattijo mai tarin iyali da gona biyu kacal. Na roƙe shi ya bar mini babbar, kada ya shuka komai sai sabon irin ya iso. A gaban mai unguwa na yi maganar, har da cewa aikin kamar ya zo hannu. Ni a wurina fata nake yi, su kuwa abin da 'yar boko ta faɗa a gaban mai unguwa alkawari ne. Kawu bai ja ba, cewa kawai ya yi gona tawa ce, Allah ya sa albarka.

Daga nan na san inda wahala take. Ashe malamin jami'a ba ya neman kwangila da sunansa, sai ta kamfanin jami'a. Takardar shaidar biyan haraji tana ofishin wane, hatimi yana durowar wane, mai sa hannu kuma kullum ya tafi taro. Na yi ta safa da marwa har masinjoji suka daina amsa gaisuwata. Da ƙyar da jiɓin goshi na jefa ambulan biyu a akwatin ƙungiyar, ɗaya ta takardun kamfani, ɗaya ta tsarin binciken. Sai aka ɗaga ranar buɗewa, aka sake ɗagawa, ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Kawu ya kira ni, bayan doguwar gaisuwa ya ce maƙwabta duk sun fita shuka, ko da labari. Na ce ya ƙara haƙuri kaɗan, don tsoro nake kada masu dubawa daga ƙungiyar su zo su tarar da dawa a gonar, a ce ƙarya na yi. Ya sake kira, na sake ba shi haƙuri. Daga baya in na ga kiransa sai in kife wayar.

Ranar da aka buɗe, wani ma'aikacin ƙungiyar ya duba ambulan ta farko ya ce takardar harajinmu ta daina aiki. Na miƙe na ce ai cikin ɗage-ɗagen da su suka yi ne wa'adinta ya cika. Ko kallona bai yi ba, ya ce doka ce. Ambulan ta biyu, wadda na zuba duk ilimina a ciki, haka aka miƙo mini ita a liƙe. Kamfanin da ya ci kuwa sana'arsa sayar da kujerun ofis, kuma mai shi bai ji kunyar kirana daga baya ba, wai in nuna masa yadda ake gwajin gyaɗa. Don takaici na katse kiran.

Da na daure na je Beli, geron maƙwabta ya fi ni tsawo, gonar kawu kuwa ciyawa ce da ɗan waken da ya sa a makare. Ya ce 'ya'yansa sun yi ta matsa masa ya shuka, ya ƙi, don kada baƙi su zo ya kunyata ni. Na ce zan biya asarar, ya ɓata rai ya ce shi ba haya ya ba ni ba.

Abin da na koya shi ne, kwangilar da ba a sa mata hannu ba, ba taka ba ce, komai cancantarka. 'Yan'uwana masu bincike, ku nema, amma kada ku jingina abincin wani a kan ranar da wani kwamiti zai zauna, domin su suna iya ɗagawa, damina kuwa ba ta jiran kowa. In kun je ƙauye ku faɗa ƙarara cewa nema kuke, ba samu kuka yi ba. Da kaka ta yi, kawu ya aiko mini da buhun gyaɗa kamar yadda ya saba duk shekara. Sai daga baya matarsa ta shaida wa mahaifiyata cewa a kasuwar Rogo ya sayo ta. Har gyaɗar nan ta ƙare a gidana ban iya kai ko ƙwara ɗaya bakina ba.