Kawu Garba Mai Sunsunar Dutse

Ku da kuka zauna a unguwar Sabo kun san halin Kawu Garba, yayan mahaifiyata. Bakinsa na sallama, hancinsa na kan dutsen niƙan gidan.

Sai ka ji ya ce wa matar gidan, "Delu, wake kika niƙa jiya. Ina ƙosaina?"

Masinja ne a jami'a, a ɗakin da ake ajiye duwatsun niƙan mutanen da, waɗanda aka tono daga ƙasa. Wani Bature kan kankare 'yan ramukansu da allura, ya duba a madubi, ya gano ko gero aka niƙa ko ƙashi. Ranar da Kawu ya kama aiki, don neman suna, ya wanke su tas da soso da sabulu. Bature ya ɗora hannu a ka.

"Garba, abincin shekara dubu ka zubar a kwata!"

"Ranka ya daɗe, ai datti ne."

Daga ranar ya tuba, tubar da ta zame mana jarabar duniya. Har unguwar Mokola ya taka don ya yi wa Iya mai injin markaɗe wa'azi.

"Injinki ba ya tuna kowa!"

"Baba, e jo, don Allah, in ba ka da tattasai, matsa."

Muna ta dariya, amma mun san ɗakinsa shiru ne. Matarsa, Inna Hajara, 'yar Gabas ce. Ana gab da yaƙin basasa ta tafi can ɗauko mahaifiyarta, ta ce sati biyu. Agushi ta niƙa da safen da za ta tafi. Kawu ya rufe dutsen da zanenta, ko biki ake ba ya ba da aro. Aka gama yaƙi, ba ita ba labarinta.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi na je gyara masa ɗaki. Ni sarkin tsabta, na ga dutse duk maiƙo, na dirje shi. Da ya ji sauƙi ya ɗaga zanen, ya sunkuya ya daɗe.

"Sabulu," ya ce.

"Kawu, ai datti ne."

Ya yi dariya har da hawaye. "Haka na ce wa Bature."

Ya mayar da zanen a hankali. Ban ƙara ganin ya sunsuna dutsen kowa ba, kuma har gobe abin yana cina.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sa ka yafe mini. Inda Inna Hajara take, Allah Ya sada ku.