Mutumin da Yake Auna Inji da Goshinsa

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan wata na Sha'aban, da muka sallaci yayana Ɗanlami muka rufe shi a nan Riyadh. Kowace shekara idan watan ya zagayo, nakan yi masa sadaka, in kira matarsa Hajiya Rabi a Funtuwa mu yi addu'a a waya, shi ke nan. Bana abin ya ƙi tsaya mini a nan. Makonni na yi ina yi masa magana a zuci kamar yana zaune a kujerar gefena, har na ga gara in rubuta, ko na sami sauƙi.

Sana'armu wankin kafet ne, kuma galibin aikinmu na masallatai ne. Ni direba ne kuma mai riƙe sandar wanki, wato ƙarfen bakin tiyo da ke fesa ruwa yana zuƙe shi. Yaya shi ne ya ƙera injin da muke ci da shi. Tun a gida bakanike ne kuma mai walda, irin wanda ba ya iya wuce ƙarfe a hanya bai juya shi da ƙafa ba. Da ya zo ƙasar nan ya faɗa hannun wani dattijo, Abu Nasir, ya zama kafilinsa. Ga wanda bai taɓa zaman nan ba, kafili shi ne ɗan ƙasar da igamarka, wato takardar zamanka, take rataye da shi. Daga baya Yaya ya janyo ni, ya janyo Isiyaku ɗan unguwarmu da wasu mutum biyu.

A wancan lokacin, da ƙananan injina masu jona wuta ake wanki. Ka ja abu kamar akuya mai gardama, ya ɗauke wutar masallaci, ya bar kafet sharkaf har washegari yana warin rumfar kifi. Wata rana Yaya ya hangi wata mota a ƙofar wani otal, inji na ruri a cikinta, tiyo ya miƙe har cikin gini. Ya yi ta zagaya ta yana leƙe sai da mai gadi ya kore shi. Bai koma gida ba sai da ya lallashi Abu Nasir ya saya masa tsohuwar farar bas. Ya cire kujerun baya, ya yi watanni a Sana'iyya, unguwar masu gareji, yana haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ya ɗaure ƙaramin injin fetur a ƙasan motar, ya haɗa shi da famfon da ke tura ruwa da kuma abin da ke zuƙe shi. Ya yi tanki biyu, na ruwa mai kyau da na datti. Abin da ya fi alfahari da shi, ya naɗe bututun ruwa a jikin salansa, zafin hayaƙin da da zai tafi a banza shi ke dafa ruwan wanki. Ya huda ƙasan motar ya fitar da hayaƙin waje, kuma duk wanda ya kama yana gyangyaɗi a ciki inji na aiki, ranar sai ya gwammace bai zo Saudiyya ba.

Wankin masallaci ba kamar na gida ba ne, domin ba ka da ikon cewa a dawo gobe. Lokacinka daga watsewar masu Asuba ne zuwa kiran Azahar. A cikin wannan ɗan tsakanin za ka wanke, ka zuƙe, ka buɗe ƙofofi, ka saki fanka, kafet ya bushe. Shi ya sa Yaya bai taɓa damuwa da yawan ruwan da inji ke fesawa ba, abin da yake tambaya shi ne nawa yake iya janyewa. Kuma yana da ma'auninsa. Idan Azahar ta gabato sai ya tuɓe hula, ya durƙusa a sahun farko, ya kifa goshinsa a kan kafet, ya ji ko da sauran laima. Farkon zuwana na shafa da hannu na ce ai ya bushe, sai ya harare ni.

"Sani, wannan hannun naka da ya yi kanta me zai ji? Da tafin hannu kawai ka ga ana sujada? Sa goshinka."

Na sa, na ji sanyin laima ya ratsa ni har ƙeya. Muka sake bin sahun da sanda.

Bai tsaya nan ba. Idan an idar da salla sai ya je ya tsaya a bakin ƙofa wajen takalma, yana kallon gwiwoyin masu fitowa. Mutanen nan farar jallabiya suke sawa, ko yaya kafet ya riƙe danshi sai ya bar tabo a gwiwa. Mun sha yi masa tsiya cewa wata rana sai an kira masa 'yan sanda, mutum ya tsaya yana leƙen ƙafafun dattawa. Ko a jikinsa.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yaya mutum ne mai taurin kai da saurin faɗa, kuma abin da bai fito daga hannunsa ba da wuya ya yabe shi. Duk injin da aka rufe cikinsa da murfi, cewa yake an ɓoye ƙarya ne a ciki. Ciwon da ya kashe shi ma ya daɗe yana cinsa yana cewa gajiya ce. Sai da ya faɗi a gareji muka kai shi asibiti a unguwar Shumaisi, bai yi sati biyu ba ya cika.

Shekara bakwai muka yi muna lallaɓa motarsa. Ruwan garin nan mai gishiri ne, yana toshe bututu, mu buɗe mu kankare. Bel ya tsinke mu sauya, tanki ya yi yoyo mu kai a liƙe. Na san ranar mutuwar injin tana zuwa, kullum na tayar da inji sai na kasa kunne ina jin ko muryarsa ta canja. Ta zo mana a watan jiya, a wani masallaci da ke gefen kasuwar gwari ta Aziziya. Mun gama jiƙa rabin masallaci, injin ya yi wata irin ƙara ya mutu. Babu abin da ban taɓa ba, ya ƙi tashi. Aka kira Azahar kafet na tsiyayar ruwa. Na tsaya ina kallon 'yan dako da dattawan unguwa suna shimfiɗa kwalayen tumatir a tsakar rana suna salla a waje. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na rasa inda zan sa fuskata. Liman bai ɗaga murya ba, ya dai ce kafin azumi za su ba mu dama ɗaya, idan an kuma, za su nemi wasu. Labari irin wannan kuwa ba ya kwana a masallaci ɗaya.

Abu Nasir ya tsufa, ɗansa Nasir ne ke riƙe da harkar yanzu. Yaro ne mai hankali, a gabanmu ya girma, kuma bai ɓoye mini komai ba.

"Ya Ammi Sani," ya ce, haka yake kirana, wato baffa, "zan sayi inji ɗaya, ba zan iya biyu ba. Kuɗin da ake ɗora mana a kan kowane baƙon ma'aikaci kullum ƙaruwa yake. Idan masallatan nan suka tafi, wallahi rufe wankin zan yi, halas, shi ke nan. Kai ka san aikin, kai za ka zaɓa."

Na gane abin da bai ƙarasa ba. Idan ya rufe, babu sabunta igama, mu huɗu sai tafiya gida ta dindindin. Matar Isiyaku na da tsohon ciki. Ni ina da 'ya'ya a makaranta, ga Hajiya Rabi da marayun Yaya, duk a jikin tiyon nan suke. Ni da iyakacina tuƙi da riƙe sanda, yau an ce in zaɓi inji. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Injina biyu ne a gabanmu. Ɗaya wani mai gareji ne a Sana'iyya ya haɗa, mutumin da ya yi aiki da Yaya, kuma kusan zubin Yaya ya bi. Komai a fili, kana ganin kowane ƙusa, kana iya zura sifana ko'ina. Da na gan shi sai na ji kamar na haɗu da ɗan'uwa a tasha. Ɗayan daga waje aka kawo shi, a rufe ruf da murfi, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lambobi, shi yake kashe kansa idan ya yi zafi. Idan ya lalace ba a taɓa shi, sai an kira mutanen kamfani an jira su. Na san abin da Yaya zai ce da ya gan shi, har tsakin da zai ja ina ji a kunnena.

Amma kuma nakan tambayi kaina, me zai ce da garin gaba ɗaya? Riyadh ɗin da ya bari ba ita ce wannan ba. An haƙe tituna ana shimfiɗa jirgin ƙasa, tsohon garin Dir'iyya da ke gefenta ya cika da injinan gini, ana maganar mata za su fara tuƙi. Masallatai sun koma shimfiɗa kafet mai kauri da soso a ƙasa, mai daɗin gwiwa amma mai shan ruwa kamar raƙumi. Injin Yaya don siraran shimfiɗun wancan lokacin aka yi shi. Wannan gaskiyar na daɗe ina kauce mata.

Da na rasa yadda zan yi, sai na roƙi masu injinan biyu su zo gwaji. Wani liman a Shumaisi da muka daɗe tare ya ba mu ƙaramin masallacinsa. Muka raba shi biyu, dama ga injin Sana'iyya, hagu ga na waje. Ni na riƙe sanda a duka ɓangarorin don kada a ce hannu ne ya bambanta. Muka buɗe ƙofofi, muka saki fanka, muka zauna jira. Ban iya shan shayin da Isiyaku ya miƙo mini ba.

Da Azahar ta matso na tuɓe hula na durƙusa a dama. Ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ya bushe, domin injin Sana'iyya nake so. Goshina na sauka na ji sanyin nan da na sani. Na koma hagu, na ji shi ƙamas, har da ɗumi. Na sake komawa dama, na canja wuri, na je sahun baya, duk dai haka. Isiyaku ya zo ya sa nasa goshin, ya ɗago ya dube ni. Nasir yana tsaye a baya.

"Wanne, ya Ammi?"

Na nuna masa mai murfin. Sai na ji kamar na juya wa Yaya baya a gaban mutane. Mai garejin Sana'iyya ya naɗe tiyonsa, ya ce ba komai, Allah ya sa alheri, kuma wannan ta fi mini ciwo da a ce faɗa ya yi.

Kada mai karatu ya ɗauka hankalina ya kwanta. Zafin gaske bai shigo ba tukuna, irin wanda ke sa ƙarfe ya ƙona hannu tun hantsi. Ban san yadda injin nan zai yi da shi ba. Idan ya kashe kansa a tsakiyar aiki, ba ni da abin yi sai kallon lambobi da kiran waya. Na Yaya ko ya mutu ina da inda zan taɓa. Sabon injin da motarsa ya zo. Tsohuwar motar kuwa an ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan, na ce Isiyaku ya raka ta, ni ba zan iya ba.

Ranar Litinin da ta wuce muka koma masallacin Aziziya, damar nan ɗaya da aka ba mu. Muka wanke, na sa goshi sahu bayan sahu, aka kira salla, muka bi jam'i. Ana sallamewa na ga ƙafafuna sun kai ni bakin ƙofa wajen takalma. Ina tsaye ina bin gwiwoyin mutane da ido, sai ladanin masallacin, wani tsoho da ya daɗe a wurin, ya dafa kafaɗata.

"Kai ma?" ya ce. "Ɗan'uwanka mai faɗan nan a daidai nan yake tsayawa. Allah ya jiƙansa. Je ka huta, yaro, kowa ya fita da farar rigarsa."

Ban tafi ba, sai da mutum na ƙarshe ya sa takalminsa.

A hanyar komawa na yi ta tunanin abin da ya rage na Yaya a garin nan. Kabarinsa babu suna, haka ake yi a nan. Motar da ya ƙera da hannunsa an yanka ta. Injin da ke bayana yanzu irin wanda ya tsana ne, kuma da ma'auninsa na zaɓe shi. Ina jin da zai yi tsaki ya zage ni tas, sannan ya tuɓe hula ya durƙusa ya gwada da kansa, ya tashi bai ce na yi daidai ba, domin bai taɓa faɗa ba. Masallatai da yawa na jiranmu kafin a ga watan azumi, kuma ban san ko za mu kai Salla a ƙasar nan da aikinmu ba. Abin da na sani, gobe ma idan an idar da Azahar ina bakin ƙofa wajen takalma. Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi ladan kowane goshi da ya sauka a busasshen wuri saboda taurin kansa.