Allon da Aka Jingine a Gindin Ɗorawa

Wa ya tayar da allon? Shekara huɗu ke nan da aka kashe maigidana a bakin gonarmu, har yau ban sami mai ba ni amsa ba. Da idona na ga allon zanensa ya kife a ƙasa lokacin da ya zabura ya miƙe. Amma mazan da suka je kwaso gawawwaki washegari sun tarar da shi a jingine da ɗorawa, an tokare shi da dutse don kada ya zame. Ba wanda ya rage a wurin sai matattu da waɗanda suka kashe su. Ko ɗaya daga cikinsu ne ya rataya bindiga, ya sunkuya ya ɗaga? In ya duba, me ya gani? Ni ban yi karatu ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa, ina tsayawa in share hawaye, tana jirana.

Mutane Mai Fenti suke ce masa, ni kuwa Malam. Da damina manomi ne a ƙauyenmu, can bayan Magami. Da rani sai ya shigo Gusau yana zana bayan manyan motoci, zaki da dawisu da furanni. Yadda fenti ya fito daga gwangwani haka yake shafa shi. Ja ja ne, kore kore ne, direba ya gani ya yi murna.

Sai aka tashe mu, bayan an gama shuka. Da hantsi ɓarayin daji suka shigo a kan babura. Suka harbe mazan da suka tarar a bakin rijiya, suka cinna wa rumbuna wuta da dawa a ciki. Ɗanmu na fari, wanda ko yanzu bakina ba ya kama sunansa, ya fito da buta a hannu. Suka harbe shi a ƙofar gida, wani ya sauko daga babur ya ƙarasa shi da adda. Ni na rufe shi da zanena. Muka shigo Gusau da abin da ke jikinmu, muka raɓe a wani kango da ko ƙyaure babu.

A kangon nan Malam ya samo guntun katakon silin ya fara zana gonarmu. Ya ce jikokinmu za su tashi ba su san inda aka binne cibiyar ubansu ba. Da ya gama ya nuna mini, na gaya masa gaskiya: ga ɗorawa, ga tudu, amma wannan ba ƙasarmu ba ce, ta yi ja kamar bayan gingimari. Ya ɓata rai, ya ce yaushe na zama malamar zane. Can kuma ya fita da allon tsakar gida, ya kwantar da shi a ƙasa, rana ta haske shi. Ya daɗe tsaye a kansa. Da ya dawo sai ya ce ɗaki ne ya cuce shi, wai a ɗaki mutum abin da ya haddace yake zanawa, ba abin da Allah ya ajiye a fili ba.

Tun daga ranar bai ƙara zane a ƙarƙashin rufi ba. Yakan ɗaura allo a bayan keke, da gwangwanaye, da wani murfin kwanona da ya mayar abin gauraya fenti, ya fita bayan gari. Wata rana gindin dutsen Kwatarkwashi, wata rana ya bi mota har Tsafe. Ya dawo da yamma yana ba ni labari kamar wanda ya je Makka. Wai inuwa ba baƙa ba ce, akwai shuɗi a cikinta. Wai dutse in kana kusa ruwan ƙasa ne, in ka yi nisa sai ya koma toka-toka kamar hayaƙi. Koren gero daban, na dawa daban, na gyaɗa kuma da safe wani iri, da la'asar wani iri. Nakan ce, mutum da furfura yanzu ya gano ganye kore ne? Ya ce a'a, yanzu ya gano ba kore ne kaɗai ba.

Zaman nan a fili ya jawo masa. A kusa da Bungudu, matasan da ke gadin wani gari suka gan shi zaune yana duban hanya yana shafe-shafe a allo. Suka ce hanyar shiga gari yake zana wa ɓarayin daji. Suka ɗaure shi a itace, suka yi ta jibgarsa da gora har gwiwarsa ta fashe, wani ya zuba masa kananzirin wanke buroshi a ka yana neman ashana. Wani direba da ya san shi ne ya tsaya ya rantse musu. A akori-kura aka kawo mini shi, bakinsa cike da jini. Ban iya tsine wa yaran nan ba, su ma sun binne nasu. Na roƙe shi ya bari. Da ya fara takawa da sanda, abin da ya fara tambaya murfin kwanon nan ne.

Yanzu in na ga yara sun taru a kan waya suna kallon hoton gawa, suna matsa shi da yatsa don su ga rauni da kyau, sai in ce da Malam na nan me zai ce? Shi da yake cewa waya ba ta san launin komai ba. An ce gonarmu ta zama daji, sabara ta cinye ta, ba mai zuwa. Na san shi, da bai ce kaico ba tukuna, da sai ya tambaya wane irin kore ta yi.

Allon yana nan a ɗakina, rabinsa ba a gama ba. Da ya kife fentin bai bushe ba, sai ƙasar gonar ta manne a jiki. Ban kankare ba. Ta gefen ɗorawa, sai ka shafa da yatsa kafin ka san ina fenti ina ƙasa. Ta gefen tudu kuwa da saura, nasa ya ɗan fi duhu. Jikoki sukan zo su sa hannu. Amma in an tambaye ni abin da ya bari, ba allo nake fara nunawa ba. Akwai mata a unguwar nan da suka yi goyo bayan ranar, akwai maza da suka aurar da 'ya'ya, kuma duk sun san albarkacin idon wa suka rayu.

Ga yadda aka yi. Da kaka aka ce an yi sulhu, kowa ya je ya kwashe abin da ya shuka. Muka bi ayari, ni da mata muna roron wake, maza na yankan dawa. Malam ba ya iya sunkuyo saboda gwiwa, sai ya zauna a gindin ɗorawa da allonsa, farin ciki kamar ya kashe shi. Kowa kansa na ƙasa. Shi kaɗai ne aikinsa ya ɗaga kai ya dubi nesa. Na kawo masa ruwa, na tarar ya ƙura wa bakin daji ido. Ya ce tun safe yake zana wurin can, toka-toka ne, yanzu kuma ga wani baƙi da bai san da shi ba. Ni ban ga komai ba. Ko ƙarar babur ba a fara ji ba.

Sai ya miƙe, allon ya kife, ya buɗe murya da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana cewa ga su nan, a shiga dawa. Mutane suka watse. Waɗanda ke can ƙasan gona ba su ji da wuri ba, su aka fara harbi. Ina jin kukan wata yarinya, aka yi harbi ɗaya, ya yanke. Na kama hannun Malam ina ja, ƙafarsa ta ƙi. Ya dube ni sama da ƙasa yadda yake duban gona, ya fizge jan mayafin da ke kaina, ya cusa shi ƙarƙashinsa ya zauna a kai. Ya tura ni da sandarsa.

"Jan mayafin ga shi za su fara hangowa, Hajara. Zanenki ya saje da kara. Shiga ki kwanta, kar ki ɗaga kai ko kin ji muryata."