Rediyo da Bencin Ofishin Fansho

Bakinta ba ya riƙe magana, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. In ka zo za ka gaya mata sirri, ita da kanta take ɗaga maka hannu ta ce, "Dakata. In ba ka so unguwa ta ji, haɗiye abinka." Shi ya sa muke ce mata Rediyo, kuma tana amsawa.

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Aikinta a sakatariyar gwamnati shi ne haɗa waya, a zamanin da duk mai kiran wani ofis sai ya bi ta hannunta. Tana zaune a ɗan ɗaki marar taga, tana zare wannan igiya tana soka waccan, kuma ta sha gaya mana ba ta taɓa haɗa mutum biyu ta janye kunnenta ba. Takan san wanda za a yi wa canjin wurin aiki tun kafin matarsa ta sani. An taɓa ba ta takardar gargaɗi, ta bi ofis-ofis tana karanta wa mutane. Mijinta ya rasu da wuri, 'yarta ɗaya tana aure nesa. Da wayar hannu ta shigo aka rufe ɗakin, aka mayar da ita jera fayil har ta yi ritaya.

Fansho ba ya zuwa kan lokaci, wannan kowa ya saba. Abin da ke cin tsofaffi shi ne shirun. Lambar wayar ofishin fanshon tana shiga, ba mai ɗauka. Allon sanarwa yana can bayan inda maigadi ke jingine babur. In ka kai taga, amsa ɗaya ce: "Ana kan aiki." Rediyo ta ga wuri ya samu. Ta kama wani dogon benci a barandar ofishin, ta ƙulla da mai shara da mai shayin bakin ƙofa, abin da ta tsinta ta bi tsofaffi da shi gida-gida ko ta waya.

"Rediyo, yau me tasha ta kamo?" in ji su.

"Akanta ya tafi biki da makullin. Ku ɗaure ciki zuwa wani mako."

Sau da yawa maganarta kan fito daidai. Mun dogara da ita, don ba mu da wani.

Yayana direba ne a ma'aikatar ayyuka kafin ya ajiye aiki. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, matarsa kuma ta rasu, na ɗauko shi na ba shi ɗakin ƙofar gida. Da fanshonsa ake saya masa magani. Duk shekara ana tantancewa: dole mutum ya je da kansa ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Wanda bai je ba, a wurinsu ya mutu.

A waccan shekarar har na yi magana da mai tasi, na goge wa Yaya riga. Ana gobe za mu je, Rediyo ta leƙo ta kan katanga.

"Maƙwabciya, kada ki wahalar da direba. An ɗage."

"Wa ya ce?"

"Mai shara ta ji da kunnenta a ofishin darakta."

Na sallami mai tasi. Ashe ta malaman makaranta aka ɗage. Ta ma'aikatar ayyuka an yi ta an gama. Ba mu sani ba sai da aka biya, wayoyin abokansa suka yi ƙara, tasa tana kan tabarma ko motsi.

Na shiga gidanta ban yi sallama ba. Na gaya mata duk abin da ke bakina, har da wanda bai shafi fansho ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kawo uzuri ba. Ta ce, "Ni na yi. Ban tambayi ta wace ma'aikata ba ce. Gobe ki shirya shi."

Muka kai shi ofishin a keken guragu na aro. Wani ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce, "Baba, a nan dai an nuna ba ka nan."

Yaya ya ja harshensa mai nauyi ya ce, "To wa ke zaune gabanka? Fatalwa?"

"Ni na gan ka, Baba. Na'ura ce ba ta gan ka ba."

"To kawo ta ta gan shi," in ji Rediyo.

"An mayar da ita hedikwata. Za a yi zagaye na biyu."

"Yaushe?"

"Za a sanar."

"A ina? A bayan babur ɗin maigadi?"

"Mama, za a dai sanar."

Daga ranar Rediyo ba ta sake fashin zuwa bencin a ranar aiki ba. Da can sai ta ga dama take zuwa. Yanzu tana riga masu ofis isa, ba ta tashi sai an ja ƙofa. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta koma sa silifa ɗin maza. Ni kuwa na daina yi mata magana. Na sayar da keken ɗinkina, da kuɗin ya ƙare na fara raba ƙwayar maganin Yaya biyu. Maganarsa ta ƙara lalacewa, ruwa ma sai ya zubo ta gefen baki. Kullum da yamma sai in ji muryarta ta kan katanga: "Maƙwabciya, yau ma shiru." Ba na amsawa. Ba ta fasa ba.

Yaya bai riƙe ta a rai ba. Ya ce da ni, "Ofis ne ya kamata ya faɗa. Ita taimako ta yi ya karkace." Na ce ya yi shiru ya sha maganinsa.

Damina ta shigo ta kusa fita. Wata safiya ina wanki wayata ta yi ƙara, na ga Rediyo ce.

"Kada ki kashe! Na'urar ta zo. Ban ji a bakin kowa ba, da idona na ga ana shiga da akwatin. Yau kaɗai ne, da azahar za su wuce. Taho da shi ko a goye."

Ba a liƙa ko takarda ba. Ita ce ta zauna ta kira duk wanda ta san an cire sunansa, har kuɗin wayarta ya ƙare ta ari ta mai shayi. Muna isa muka tarar ta tsaya a kan layi a madadinmu, tana faɗa da wani tsohon ɗan sanda da ya ce ba a kama wa wani layi.

Da aka zo kanmu, wata matsalar ta ɓullo. Babban yatsan dama aka yi wa rajista, hannun kuwa ya dunƙule tun da ciwon ya same shi. Mai na'urar ta gwada na hagu, na'ura ta ƙi. Ta ce, "Mama, ku koma gefe, akwai mutane."

Rediyo ta durƙusa da kumburarrun ƙafafun nan, ta kama hannun tana murzawa. "Direba, saki sitiyarin nan, an iso tasha." Yaya ya yi dariya, hawaye na zuba don zafi. Ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zaro babban ta danna a gilashin na'urar, muna kallon 'yar fitilarta. Ja. Ta goge shi da gefen mayafinta ta sake. Ja. Na baya suka fara gunaguni. Ta hura masa iska ta danna da hannu biyu, fitila ta kawo kore. Sai da mutum biyu suka ɗaga ta daga ƙasa.

An mayar da sunansa. Kuɗin wata ya dawo bayan wani jinkirin, na watannin baya har yau ana kan aiki. Yaya yana shan ƙwayarsa cikakkiya, amma maganar da ya rasa ba ta dawo ba. Sunana ma da ƙyar yake fitarwa.

Rediyo ba ta sake komawa bencin ba. Kumburin ya hau har ciki, likita ya ce ƙoda ce. Nata fanshon ma ya maƙale a lokacin, 'yarta ce ta biya asibiti. Mun je duba ta mu da yawa, duk tsofaffin ma'aikata, kwanaki kaɗan kafin ta rasu. Ta dube mu ta yi tsaki.

"Duk kun taru a nan, wa kuka bari a can? An kusa tantancewa. Ku bar zuwa kallona, ku raba kwanaki, kullum a samu mutum ɗaya a bencin nan. Abin da kuka ji ku faɗa wa kowa. Amma don Allah, ku fara tambaya ta wace ma'aikata ce."